Babur ɗaya, aiki da iyali: amsa ga malamin makaranta daga Samaru

Tambayar ta zo ne daga wani malamin sakandare da ke zaune a Samaru, Zariya, yana koyarwa a cikin birni. Ya ce kuɗin mota na neman cinye masa albashi, ya ɗauki adashi, kuma yana son ya sayi babur. Yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku: namiji ɗan shekara tara, mace 'yar shekara biyar, da jariri na goye. Abin da yake son sani shi ne wane iri zai saya, kuma ko babur ɗin zai iya ɗauke masa hidimar gida gaba ɗaya, wato zuwa aiki, kai yara makaranta, kai uwargida asibiti da unguwa.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Ni gyaran babur ne sana'ata, kuma kafin na zauna a gareji na yi acaɓa, saboda haka zan ba ka amsa ta ɓangaren mai spana da kuma ɓangaren wanda ya sha ƙurar hanya.

Ka saya. A kan zuwa aiki ba ni da wata tantama. Amma tambayarka biyu ce ka haɗa su wuri ɗaya, kuma amsar ta biyun ba irin ta farkon ba ce. Babur an ƙera shi ne don mutum biyu, matuƙi da wanda ya goya. Duk abin da ya haura haka mu ne muka ƙara masa, kamfani bai sa shi a lissafin birki da taya ba. Shawarata ita ce babur ya ɗauki zirga-zirgarka kai kaɗai da goyon mutum ɗaya, sannan daga rarar kuɗin motar da zai bar maka a aljihu ka ware na A Daidaita Sahu, wato Keke, don ranar da gida duka zai fita. Wannan magana a gida ake yanke ta, kai da uwargida, tun kafin babur ya shigo zaure. In ka bari sai ranar suna ko ranar Sallah, kowa ya ci ado yana tsaye a ƙofar gida, kunya da sauri ne za su yanke maka hukunci, kuma na san hukuncin da suke yankewa.

Lissafin kuɗin ba wuya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ƙaramin babur mai injin 100 ko 110, in yana da lafiya kuma ba a murɗa masa totur kamar ana fushi da shi, yana yin kilomita 45 zuwa sama a lita ɗaya cikin gari. A ce zuwa da dawowa da 'yan aike-aike kana cin kilomita 30 a rana, kwana 22 na aiki ya kama kilomita 660, wato wajen lita 15 a wata. Ka ninka da farashin yau a gidan man unguwarku, ka ɗora kuɗin juyen baƙin mai duk bayan wata biyu, da ɗan abin da za ka riƙa ajiyewa saboda taya da cen da siroka. Ka kwatanta da abin da kake kashewa yanzu. Ratar da za ka gani ita ce kuɗin Keken iyali da nake magana, kuma za ta yi saura.

Batun iri kuwa, kada ka sayi abin da makanikin unguwarku bai taɓa buɗe cikinsa ba. Bajaj Boxer da TVS HLX su ne suka cika hanyoyinmu, kayan gyaransu ko a ƙauye akwai, sirdinsu dogo ne, suna jure rami da kaya. Illarsu ita ce farin jininsu: ɓarayi na son su, kuma a wuraren da ake fama da matsalar tsaro jami'ai sun fi sa musu ido. Roba-roba irin su Haojue da Lifan ba su da wahalar kuloci, ba su shan mai sosai, mai babbar riga ma yana hawa cikin mutunci, sai dai ƙafafunsu da shokinsu ba su kai na Boxer ƙarfi ba, kuma robar jikinsu da ta fashe sai ɗinki. Tsohon Jincheng mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa mai da baƙin mai, ka bar shi ya huta, a farashin man yau ba abokin ma'aikaci ba ne. Tunda hanyarka kwalta ce kuma ba haya za ka yi ba, roba-roba mai kyau ya ishe ka. In kuwa kana zuwa gona da damina ko za ka riƙa ɗauko buhu, ɗauki Boxer ko TVS. Masu caji sun fara yawa, kuma suna da daɗin sha'ani, amma batir shi ne babban kaso na kuɗinsu, zafinmu yana gajarta masa kwana, ga wutar da ba ta da alƙawari. In gidanka da sola, to ka duba su.

In na hannu za ka saya, ka je da makanike, ba dillali kaɗai ba. A tayar da shi da safe injin na sanyi, a duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, alamar rin da fistan sun tafi ke nan. Abin da ya fi injin muhimmanci shi ne rasit na asali, kuma lambar inji da lambar jikin babur su yi daidai da abin da ke rubuce. A rubuta takardar ciniki da shaidu. Mutane da yawa masu mutunci sun kwana a ofishin 'yan sanda saboda babur mai araha da ya zamana na sata ne. In sabo ne daga kwali, ka sani yaran shago ne suka haɗa shi cikin sauri, don haka bayan sati ɗaya a bi notukansa ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, a yi juyen farko wajen kilomita 500, kuma kafin nan kada ka ba shi wuta sosai.

Ka yi masa lamba, ka yi lasisin tuƙin babur, wanda shi ne rukunin A, da inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa ta babur a naira 3,000 a shekara. Sannan ka riƙa sauraron rediyo, domin dokar babur a Arewa tana iya sauyawa dare ɗaya. Maiduguri ta hana shi gaba ɗaya a 2011. A Kano tun 2013 akwai dokar hana goyo a cikin ƙwaryar birni, wani lokaci a sassauta, wani lokaci a tsananta. Mu nan jihar Kaduna a ƙarshen Satumban 2021 gwamnati ta hana hawan babur, na haya da na gida, na tsawon wata uku a matakin farko, waɗanda suka jingina rayuwarsu duka a kansa sun ji jiki. Wannan ma wani dalili ne na kada yara su manta hanyar makaranta da ƙafa ko da Keke.

Yanzu ga inda na fi son ka nutsu, wato goyon iyali.

Ɗanka mai shekara tara za ka iya goya shi, da sharaɗi biyu: ƙafafunsa su kai wurin ɗora ƙafa na baya ba tare da ya miƙe su ba, kuma ya iya riƙe ka da hannu biyu har ku isa. A bayanka zai zauna, ƙafa ɗaya kowane gefe, jakar makarantarsa a goye ko a ɗaure a kariya, ba a hannunsa ba. Ka koya masa hawa da sauka ta hagu kullum, saboda salansa a dama take. Yawancin tabon ƙuna da kake gani a ƙwaurin yara da mata daga nan ya fito, kuma salansa tana riƙe zafi ko bayan an kashe inji. In tsautsayi ya sa ta taɓa shi, ruwa mai sanyi za a riƙa kwarara wa wurin har wajen minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba baƙin mai ba.

'Yar shekara biyar ita ce matsalar, kuma na san inda kowa ke sa irinta: a kan tanki, tsakanin hannayen baba. Muna ganin kamar nan ne ya fi aminci tunda ido na kanta. To ka yi tunanin abin da ke faruwa in ka taka birki da ƙarfi. Ita za ta fara yin gaba, fuskarta ta sami kan babur ko gilashin mita, sannan nauyinka duka ya biyo ta baya ya danne ta. Ga shi tana hana ka juya kai sosai a kwana, kuma yara masu wannan shekaru suna son kama totur ko danna abin da suka ga baba yana dannawa. In ka mayar da ita baya ita kaɗai kuma, ga wata fitinar da iyaye ba su cika lura ba: barci. Iska da rurin inji suna sa yaro gyangyaɗi, musamman da rana bayan an tashi daga makaranta ko da yamma an dawo daga Islamiyya, hannunsa ya saki ba tare da ka ji ba. In makarantarta cikin unguwa take, a raka ta da ƙafa. In da nisa, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku ɗauki mai Keke na wata. In ranar ta kama dole, babu yadda za a yi, to ta zauna a bayanka da babba a bayanta yana tare ta, a bi lungu a hankali, kada a hau babban titi.

Uwargida kuwa, abin da ya fi kayar da matanmu ba karo ba ne, tufafi ne. Dogon hijabi, gefen zane, jelar mayafi ko abaya, iska ta kaɗa shi ya shiga tsakanin cen da siroka ko cikin sifokin ƙafar baya. Ƙafar tana naɗe shi cikin ƙiftawar ido, ta fizgo mace ta baya, kai ya fara isa ƙasa, wani lokaci ma hijabin ya shaƙe wuya. Wannan ba ya bukatar gudu, ko a tafiyar hawainiya yana faruwa. Saboda haka kafin ka sa giya, ka waiwaya da idonka ka ga ta tattare hijabinta ta zauna a kai ko ta riƙe shi a cinya. Kada ka yarda makanike ya cire murfin cen ya ce yana ƙara. In yana ƙara a gyara shi a mayar. Ka sa maƙeri ya yi maka raga a gefen ƙafar baya, irin wadda baburan Indiya ke zuwa da ita saboda sarin matansu, kuɗinta kaɗan ne. Kai ma ranar Juma'a babbar rigarka tana cikin wannan hukunci.

Zaman gefe, ƙafa biyu a ɓangare ɗaya, shi yawancin matanmu suka saba, kuma na fahimci dalilin. Amma mai zaman gefe ba ta da abin da za ta matse da gwiwa, birki kaɗan ko rami sai ta zame, kuma nauyinta yana rinjayar babur gefe ɗaya. In za ta yarda ta sa wando a ƙarƙashin zane ta zauna sosai, ya fi mata. In ba za ta yarda ba, kada ku yi faɗa, kai ne za ka rage gudu, ka sa mata faffaɗan matakin ƙafa a hagu, ta riƙe ka ko ƙarfen kariya. A Yamai da Maraɗi da Damagaram mace a kan roba-robarta tana kai 'ya'yanta makaranta ba abin kallo ba ce, mu nan ne abin bai zama jiki ba. Wannan ku ne za ku duba tsakaninku.

Jariri dai ban ba ka fatawar ɗora shi ba. Goye a baya, shi ne a ƙarshen babur, in uwa ta faɗi ta baya a kansa za ta sauka. Rungume a hannu, uwar ba ta da hannun riƙe komai. Babu hular kwano da ta dace da kansa, wuyansa ma bai yi ƙwarin ɗaukarta ba. Ranar rigakafi ko awo a hau Keke. Haka mai tsohon ciki, haka mai naƙuda in akwai wata hanya, haka tsohon da jiri ke ɗiba.

Hular kwano. Na san za a ce zafi, za a ce ina za a sa hular zanna. A sa hular zannar a jaka, in an isa a ɗora. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta hular a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a kai don a bar su su wuce, aka yi ta dariya, tilasta dokar ya bi ruwa. Amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Karayar ƙafa ana ɗora ta a asibitin Shika ko na Dala, ƙwaƙwalwa ba a ɗora ta. Hular magina ta roba ba hular babur ba ce. Ta gaskiya tana da farin soso mai tauri da kauri a ciki, shi ke shanye bugu, kuma za ka ga tambarin shaidar inganci na ECE ko DOT a jikinta, duk da cewa jabu ma suna manna shi, don haka ka danna soson da yatsa ka ji. Ta kama kai ba ta juyawa, a ɗaure igiyar haɓa har yatsa biyu kawai ke shiga. Wadda ba a ɗaure ba tana tashi tun kafin kai ya isa ƙasa. Ka sayi uku: taka, ta uwargida, da ƙarama daidai kan yaron, kada a kifa masa taka. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba ta fashe ba. A nan araha ba ta ado. Kuma ka bar silifa, ka sa takalmi mai rufe ƙafa.

Kada ka goyi kowa sai ka yi aƙalla wata guda kana hawa kai kaɗai. Abin da za ka koya a wannan wata shi ne birkin gaba. Akwai wata gurguwar fahimta a tsakaninmu cewa birkin gaba kayar da mutum yake, har wasu ke kwance wayarsa. Alhali in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma mafi yawan ƙarfin tsayawa a ƙafar gaba yake. Abin da ke kayarwa shi ne cafke shi gaba ɗaya, ko kama shi cikin kwana ko kan yashi. Ka sami fili, ka riƙa matsa shi sannu-sannu tare da na baya har hannunka ya saba. Ka kuma riƙe wannan lissafi: a gudun kilomita 60, kafin ƙwaƙwalwarka ta ce wa hannu kama, daƙiƙa ɗaya ta wuce, ka ci wajen mita 17. In ka ninka gudu, nisan da birki ke bukata sau huɗu yake ninkuwa, in da goyo kuma ya ƙaru. Da yaro a baya, 40 ta ishe ka.

Hanyarka na san ta. Daga Samaru zuwa Kwangila kana tare da tireloli da tankokin da ke bin hanyar Funtuwa da Sakkwato. Ƙa'idar babbar mota ɗaya ce: in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka tsaya a gefen tirela a shatale-tale ko inda za ta sha kwana, ƙafafunta na baya suna yanke kwanar su bi ta inda kake tsaye. Kada ka kutsa tsakaninta da gefen titi. Daga PZ zuwa Tudun Wada da Ƙofar Doka kuma masu Keke ne abin tsoro, fasinja na ɗaga hannu za su yanko gabanka ba sigina, saboda haka ka bar tazara, yatsu biyu a kan birki. Madubin da samari ke cirewa don gayu, kai bar naka biyu. Fitila a kunne ko da rana. Ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, domin yana taso da man da ya zuba a kwalta duk rani, kuma ruwan da ya rufe hanya ba ka san ramin da ke ƙarƙashinsa ba. Bayan ka ratsa ruwa ka ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe. Wata sabuwar ɗabi'a da tsadar mai ta kawo, kashe inji a gangara a tafi a firi, man da take ragewa bai kai cokali ba, ga shi ta raba ka da ikon babur lokacin da kake bukatarsa. Mintuna goma da za ka riga fita da safe sun fi duk wata dabarar tuƙi amfani, don yawancin gangancin ma'aikaci tsoron makara ne.

Kula da shi ba wuya in ka mayar da abin al'ada. Duk safiya kafin ka fito da shi, taɓa birki biyu, danna taya, leƙa ƙasa ko mai ya ɗiga. Iskar taya a wurin mai faci mai geji, ba mai bugawa da yatsa ba: a ma'aunin PSI na gejin, gaba wajen 25, baya 28, in da goyo a kai 32, sai dai in littafin babur ɗinka ya faɗi wani abu daban. Cen ya riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita biyu zuwa uku, a sa masa mai duk sati, kuma ranar da za a canza shi a canza da siroka gaba ɗaya. Baƙin mai na gwangwani a rufe, 20W-50, wajen lita ɗaya, duk kilomita 1,500 zuwa 2,000. Na awo da ake ɗiba daga durom shi ke kawo mana aikin inji. Da hunturu ƙura na toshe matatar iska, babur ya fara shan mai yana shaƙewa, sai mutum ya ce a taɓa masa kafireto, alhali wanke soson kawai ake bukata. Man 'yan bumburutu sai dole.

Sauran abu biyu na zaman jama'a ne. Na farko aro. Daga ranar da ka saya za ka ji "Malam, ɗan ba ni mashin in je nan in dawo." In ka ba mutum ɗaya ka buɗe ƙofa, kuma in ya buge wani, lambarka da sunanka ne a takarda. Ka sa ƙa'ida tun farko, in abin gaggawa ne ka kai mutum da kanka. Makulli kuma kada ya kwana a kan tebur, yaronka mai tara nan da shekara huɗu zai fara jin ƙafarsa ta kai ƙasa, ga abokai masu ɗaga kan babur a wajen biki.

Na biyu sata. Masallacin Juma'a, bakin asibiti, kasuwa da gidan biki, nan aka fi ɗauka, kuma makullin kai kaɗai ba ya ɗaukar ɓarawo minti ɗaya. Ka sami sarƙa mai kauri da kwaɗo ka haɗa ƙafar baya da wani ƙarfe da ba ya motsi, ka sa a yi maka ɓoyayyen makunni da kai kaɗai ka san inda yake, inda ake biyan kuɗin ajiya a karɓi kati ka biya. A makaranta ka ajiye shi inda maigadi ke ganinsa. Da dare a shigo da shi ciki, amma ba ɗakin da yara ke kwana ba, kuma nesa da murhu, a rufe makunnin mai. Rasit na asali ya zauna a gida, kwafi ne zai riƙa yawo da kai, sannan ka ɗauki hoton lambar inji da ta jiki ka ajiye a waya, domin ranar cigiya su za a fara tambayarka.